Fuska Huɗu da Magogi

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na sayi wannan littafi don in riƙa motsa hannuna. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta gargaɗe mu ranar da muka gama, ta ce wanda ya koyi rubutu da girma, in ya ajiye fensir wata guda sai haruffa su fara guje masa. Ina da shekara talatin da ɗaya na fara rubuta sunana. Yaya, wadda nake bi, takan ce an yi yaƙin kam, amma jahilcin ya tsira da ɗan rauni. Ta yi ta faɗa. Ni dai yanzu ba na kai wa kowa takarda ya karanta mini.

Maganar Aku zan rubuta. Ita kaɗai gare ni, shekararta bakwai, tana aji biyu. Babanta ne ya sa mata Aku, don tun ƙafarta ba ta fara tafiya ba bakinta yake tafiya, sunan kuma ya bi ta har makaranta. Sabuwar Malamarsu ta raba wa yara wani ɗan littafi. Kowane shafi fuska huɗu ne a jere: mai dariya, mai hawaye, mai haɗe gira, mai zare ido. Yaro zai zagaye wadda ta yi kama da ranarsa, ya rubuta layi ɗaya a ƙasa, sai uwa ko uba ya sa hannu. Ni nake sa hannu yanzu.

Yau mai hawaye ta zagaye. Layin kuma ta bar shi fari. Na ce, "Aku, wannan ai ba ita ce daidai ba." Na ɗauko magogin fensir na goge mata tsaf, na hure garin, na nuna mata ta farko da yatsa. Ta zagaye. Na sa hannu.

Kwana goma sha takwas ke nan tun ranar Alhamis ɗin nan da babanta ya bar gidan.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Mai hawaye kuma. Na gyara.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana, a shago

Wuta ta ɗauke, dutsen guga ya huce, shi ya sa na samu zama. Shagon wanki da gugan da nake aiki ɗaki biyu ne. Gaba kanta ce da riguna a rataye cikin leda, kowace da lambarta a maƙale a wuya. Baya kuma injin wanki biyu, ɗaya yana rawa in ya cika har sai an danne shi da guiwa, da teburin gugana a jikin taga. Ni ake ba kayan da ke da tabo. Mai Shago ta ce ba ta taɓa ganin mai haƙuri da tabo irina ba. Tawada, maiko, shayi, na san abin da kowanne yake so.

Ɗazu tana duba wuyan wata farar riga ta ce, "Maigidan bai dawo daga tafiyar ba?"

Na ce, "Hanyar ce da nisa."

Ta ce, "Allah ya dawo da shi lafiya." Ba ta ɗago ta dube ni ba. Da ta dube ni ma da ya fi mini sauƙi.

Ina ta tunanin littafin Aku. Ni na san takarda. A ajinmu na manya ba ka miƙa aiki sai ka duba shi sau biyu ka goge kuskure, in ba haka ba jan biro ya yi maka kaca-kaca a gaban matan da suka haife ka. Kuma takarda ba ta mantuwa. Malama za ta gani, shugaban makaranta ya gani, a jefa a kabad, wata rana a ciro. Na ga yadda takarda guda, da sa hannu a ƙasanta, ta ɗaga mutum daga gaban abincinsa bai ko wanke hannu ba. Ba zan bari a tara wa ƴata shafi talatin na hawaye da sunanta a kai ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai Aku gidan Yaya, na ce mata babbar kasuwa zan je, cunkoso ya yi wa yara yawa. Mota biyu. Layi. Masu gadi sun buɗe kwanon da na kai sun juya abincin da cokali har ƙasa. Minti goma. Baban Aku ya rame a wuya. Ya tambaye ta, na ce lafiyarta lau, surutu kamar kullum.

Na dawo ba ko leda a hannuna. Aku ta kalli hannuwan nawa, ta sa takalminta, muka taho gida.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau ina gida wuni guda, sai na lura da abin da ya kamata in lura da shi tuni. Gidan ya yi tsit. Ina jin ɗigar famfo. Ina jin rediyon maƙwabta har da tallar sabulu.

Na ƙirga maganar da ta fito daga bakinta tun safe. "To." "A'a." "Na ƙoshi." Shi ke nan. Yarinyar da take ba tsintsiya labari in ba ta samu mutum ba. Yarinyar da babanta yake roƙo, "Aku, ki ba kunnena hutun minti biyar, zan rama miki." Na taɓa goshinta, ba zafi. Na ce ta buɗe baki in ga ko maƙogwaro ne, ta buɗe. Ba komai.

Rigunansa biyu na aiki suna nan a bayan ƙofa. Na sake goge su duk da ba wanda ya sa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau mai haɗe gira ce, kuma ta danna fensirin har ya kusa huda takardar. Na daɗe ina gogewa. Baƙin ya fita, amma shatar ta zauna, in ka shafa da yatsa za ka ji ta. Tana tsaye a gefena har na gama.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe uku da rabi na rana

Takarda daga Malama a cikin jakarta. Wai yana da kyau in zo gobe bayan an tashi. Na karanta sau huɗu, ko akwai wata kalma da na tsallake.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta komai yadda ya faru, ko na huta da juya shi a kaina.

Ajin ba kamar wanda na sani ba ne. An ture bencinan yara gefe, an zana ƙatuwar da'ira da alli a ƙasa. A kusurwa akwai shimfiɗa da matashi biyu da kwalin takardun zane. Na ɗauka wurin horo ne. Malama ta ce a'a, wanda ya ji ransa ya cika ne yake zuwa da ƙafarsa ya zauna, in ya sauka ya dawo. Yarinya ce Malamar, na girme ta nesa ba kusa ba. Ta ba ni kujerarta, ita ta zauna a bencin yara, guiwoyinta har kusan haɓa. Aku tana waje a baranda.

Ta ce jiya suna zaune a da'ira, ƴar da suke benci ɗaya ta faɗi wata magana da ta ji a gidansu. Ba zan rubuta maganar ba. Aku ta kama hannunta ta cije ta har haƙora suka fito.

Na ce, "Aku? Tawa?"

Ta ce, "Cizon ba shi ya fi damuna ba, Maman Aku. Mun yi magana da iyayen yarinyar, an wuce wurin. Sati biyu ke nan ban ji muryarta ba. Ko suna na kira, kai take gyaɗawa. Ni kuma kullum in na buɗe littafinta, dariya. Na yi ta cewa to ko ni ce ban iya kallon yaro ba."

Sai ta tashi da littafin ta je taga, ta ɗaga shafi ɗaya a rana. Daga inda nake zaune na hango su. Zagaye a kan zagaye, duk waɗanda na goge, sun fito kamar tabon shayi a farin mayafi.

Na ce, "Gyara mata na yi, Malama. Ba na so ta faɗi."

"Ta faɗi me?"

"Darasin."

Na jira ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta dawo ta zauna, ta ce, "Wannan ba shi da maki. Duk huɗun daidai ne, in dai ita ce a ranta. Yaro in ya iya cewa haushi nake ji, da wuya ya kai ga haƙori. Sunan abin muke koya musu, kamar yadda muke koya musu sunan launi."

Na ce, "To in ba a gyarawa, sa hannun na mene ne?"

Ta ce, "Sa hannun yana nufin na gani. Ba na yarda ba, ba na gyara ba. Na gani kawai."

Ta tambaya ko akwai abin da ya canza a gida. Na ce babanta ya yi tafiya. Ta ce to. Irin "to" ɗin Mai Shago.

A hanya ina tafe ina cika. Ita wa? Ta taɓa goyo? Ta san abin da ake ji in an ga mutane sun yi shiru da ka shigo shago? Aku tana bayana da taku biyu, ba ta kama hannuna ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na yi niyya yau ko me ta zagaye ba zan taɓa ba. Na ma sa magogin a cikin aljihun tebur.

Ta kawo littafin a buɗe. Mai dariya. Zagaye mai kyau, ba ko karkata. Ta je da kanta ta buɗe aljihun teburin, ta ga magogin, ta mayar ta rufe, kamar mai cewa yau ba sai kin wahala ba.

Ta koya. Ni na koya mata, kuma kwana goma kacal ya ɗauke ni.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ruwan zafinta ya huce a bokiti ina tsaye ina kallonsa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Babbar kasuwa kuma. An ce a jira, wanda zai duba takardun baban Aku bai dawo ba. Ba a faɗi rana ba.

Da na je ɗaukar Aku, na samu Yaya tana tsince shinkafa a tire. Na ba ta labarin Malama a hankali, don Aku tana ɗaki da ƴaƴanta. Ta ajiye tiren.

"Ikon Allah. Yanzu har fushi sai an je makaranta an koyo? Ni a kawo mini su, kyauta zan koyar."

Na ce ba wasa nake ba.

"Ni ma ba wasa nake ba, Auta. Mu da aka raina da share hawayenki kafin in ƙara miki, mutuwa muka yi? Ga ki nan, ga ni nan. Yarinya ta yi shiru kwana biyu, ku huta mana. Da can ba ku ne kuke kuka da surutunta ba?"

Na ce, "Yaya, lokacin da Inna ta kwanta dama aka tafi da ita, me kuka ce mini?"

Ta ɗauki tiren.

Na ce, "Cewa kuka yi ta yi tafiya. Shekarata shida. Kullum da yamma ina share bakin ƙofa don kar ta dawo ta tarar da datti. Wata nawa na yi ina sharar nan?"

Ta daɗe tana tura tsakuwa ɗaya da yatsa. Ta ce, "Ni ma shekarata goma sha ɗaya. Abin da aka ce in ce miki na ce."

"Na sani."

"Kuma kin sani tun a lokacin. Na ga idonki."

Gaskiyarta. Na sani. Ina sharar ne don kar su gane na sani, tun da na ga sun fi son haka. Ban taɓa faɗa wa kaina wannan ba sai yau, a tsakar gidan Yaya, kaza tana zagaya ƙafata.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana, a shago

Na roƙi Mai Shago awa biyu da safe. Malama ta ce in ina so in zo in zauna a baya in ga yadda suke yi, na je.

Suna zama a ƙasa bisa layin allin, su talatin da wani abu. Akwai ƙwallon tsumma. Wanda yake riƙe da shi shi ke magana, saura su saurara, wanda ba ya so ya miƙa gaba. Wata mai giɓi ta ce yau mai haɗe gira ce, don yayarta ta cinye mata ƙwai. Malama ta ce, "A ina kike jin haushin a jikinki?" Ta dafa ciki ta ce, "Nan, inda ƙwan ya kamata ya zauna." Aji ya fashe, har ni. Malama ta bari suka gama, ta ce to me za ki ce wa yayar taki in kin koma? Yarinyar ta miƙe ta gyara tsayuwa. "Na ji haushi da kika cinye mini ƙwai. Gobe ki tambaye ni." Wata daga gefe ta ce, "Ba za ta tambaya ba." Malama ta ce, "Wataƙila. Amma ta faɗa, kuma ba wanda aka mara."

Ta koya musu wani abu da hannu. Ka buɗe tafinka, ka bi yatsun da yatsan ɗaya hannun. In za ka hau ka ja numfashi, in za ka sauka ka sake shi. Yatsa biyar. Ɗakin ya yi shiru kamar ba yara a ciki.

Da ƙwallon ya zo hannun Aku, ta riƙe shi. Ta daɗe. Ba wanda ya ce ta yi sauri. Ƴar da ta ciza tana gefenta, da ɗan tabo a hannu, ita ce ma ta miƙa hannu a hankali ta karɓa. Na zaci za a sa Aku ta durƙusa ta ba da haƙuri tun ranar. Malama ta ce za ta bayar, amma tana so ya fito daga bakin da ya buɗe da kansa.

Da zan fito ta bi ni baranda ta miƙo mini littafi irin na yaran, sabo. Ta ce, "Wannan naki ne. Ku riƙa yi tare. Ita ta sa miki hannu."

Na ce, "Malama, ni da girmana?"

Ta ce, "Da girmanki kika koyi karatu, an ce mini."

Ɗazu Mai Shago ta same ni ina bin yatsuna a bakin injin wanki. Ta ce, "Lafiya? Ɗaya ya ɓata ne?"

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Mun zauna a teburi, littafi biyu, fensir ɗaya. Na ce yau ni zan fara. Na kalli fuskokin. Wallahi na yi niyya. Amma hannuna da kansa ya tafi kan mai dariya ya zagaye. Na tura mata.

Ta kalli shafin. Ta kalle ni. Ta buɗe aljihun teburi ta ɗauko magogin, ta dafe takardar da hannun hagu yadda nake yi, ta goge tsaf. Ta hure garin. Ta turo mini littafin da fensirin a kai.

Na ce abinci zai kama. Ba abin da ke kan wuta.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ban iya ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai saura kwata na yamma

Sati biyar cif.

Na zagaye mai zare ido. A layin na rubuta, Ina tsoron kada babanki ya daɗe, kuma ina tsoron shirunki. Na daɗe a kai, rubutun ya hau sama ya sauko kamar na farkon koyona. Ban goge ba.

Ta karanta da yatsa, leɓenta yana motsi. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Sai ta rubuta sunanta a wurin sa hannu, manyan haruffa, har ya fita daga layin.

Na ce, "Aku, babanki ba tafiya ya yi ba. Yana wani wuri da ba a barinsa ya fito sai an gama duba wata magana ta wurin aikinsa. Ban san yaushe ba. Ran Asabar wurinsa nake zuwa, ba kasuwa ba. Na yi miki ƙarya."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi. Ta jawo nata littafin, ta zagaye mai hawaye, ta sunkuya ta rufe da hannu tana rubutu. Da ta ɗaga hannun na karanta: Na gani ta bayan labule. A ƙasa, da ƙananan haruffa: Asabar har da ni.

Ni a zatona barcin rana take yi a ranar da aka tafi da shi.

Na sa hannu. Har yanzu ba ta yi magana ba, amma ta ci abinci a jingine da kafaɗata.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta ce hauka nake. "Wurin nan wurin yara ne? Ki bar mata shi yadda ta san shi." Na ce yadda ta san shi na ƙarshe ta bayan labule ne. Ta yi tsaki ta juya baya. Can ta ce in zo in karɓi farar safar ƴarta, kar in kai yarinya gaban ubanta da mai huji.

Na tsaya a makaranta na faɗa wa Malama. Wannan karon ban ce tafiya ba. Ta ce in gaya wa Aku duk abin da za ta gani tun kafin ta gani, ɗaya bayan ɗaya. Na yi haka muna wanke-wanke. Mota biyu. Layi a rana. Za a buɗe jakarmu. Akwai raga tsakaninmu da shi, yatsa yana shiga, hannu ba ya shiga. Ya ɗan rame. Minti goma, in an buga ƙarfe an gama. Tana ɗauraye kofi ɗaya tun da na fara har na gama.

Ta sa littafinta a jaka, da fensir. Ta ɗauki magogin ta juya shi, shi ma ta jefa.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Abu ɗaya ne ban gaya mata ba, don ni ma ban sani ba. Ba a shiga da takarda.

Matar da ke duba jaka ta ciro littafin da fensirin da magogin ta zuba a kwando, ta ba mu lamba. Aku ta damƙe littafin da hannu biyu. Matar ta ce, "Ƴan mata, ba cinyewa zan yi ba, yana nan in kin fito." Layi ya tsaya a bayanmu, ana ta leƙe. Na san abin da ta shirya: ta buɗe masa shafukan ya karanta, ba sai ta ce komai ba. Na buɗe baki zan roƙi matar, murya ta ƙi fita.

Sai na ji an buɗe tafina. Aku ce ta saki littafin, ta kama hannuna, tana bin yatsuna da nata. Hawa, sauka. Hawa, sauka. Har biyar. Ban sani ba ko don ni ta yi ko don kanta.

Da ya fito ya gan ta, ya tsaya cak. Ya zo ya durƙusa ya sa yatsunsa a ragar. Ya ce, "Akuna." Ta taɓa yatsa ɗaya. Shiru. Ya tambayi makaranta, ta gyaɗa kai. Ya yaba safar, ta kalli ƙafarta. Ina jin mintunan suna zubewa. Ya dube ni, ya sake dubanta, ya yi ƙoƙarin dariya.

"Yau kunya ake ji? Ummanki ta ce mini surutu kamar kullum."

"Ƙarya ne."

Muryar ta fito a shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya ce, "Ke! Ummanki kike ce wa haka?"

Na ce, "Bar ta. Gaskiya ta faɗa."

Ta ce, "Na ciji wata." Ta matso jikin ragar. "Ta ce kai mugu ne. Haushi na ji, a nan," ta dafa ƙirji, "ban san sunansa haushi ba sai daga baya. Kuma Umma tana goge mini fuska. Amma ta daina. Kuma tana goge rigunanka kullum, za su ƙone. Kuma akwai wata mai giɓi a ajinmu, yayarta ta cinye mata ƙwai..."

Aka buga ƙarfe tana kan ƙwan. Ba ta tsaya ba. Yana ja da baya yana kallonta, fuskarsa a jiƙe, tana ɗaga murya don ƙarshen labarin ya kai shi.

A ƙofa na miƙa lamba, matar ta ba mu littafi da fensir. Mun kai titi na tuna da magogin. Aku ta ce, "A koma?" Na ce mota za ta cika.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ta ce ta ba ƴar bencinsu haƙuri, ita ma yarinyar ta bayar, amma ba su shirya duka ba, sai wataƙila Laraba. Ta tambaye ni yaushe zai dawo. Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ki daina goge rigunan, sai an faɗi rana."

A littafinta yau ta zagaye mai hawaye da mai dariya a cikin zagaye ɗaya, ya fito dogo kamar ƙwai. Ya taɓa gefen mai haɗe gira kaɗan. Ta ce da gangan ne.

Na sa hannu.